Tambayoyi da amsoshi kan fim ɗin Suriyothai: me ya sa wasu suka yi kuka, wasu kuma barci ya kwashe su?

Tun ranar da na yi maganar wannan fim mutane suke ta jefo min tambayoyi, wasu ma iri ɗaya sau goma, shi ya sa na ce bari in tattara su wuri guda in amsa kowa ya huta. Fim ɗin da muke magana a kai shi ne The Legend of Suriyothai, na ƙasar Tailan, sannan zan riƙa taɓo ƙaninsa wato jerin fina-finan Sarki Naresuan, don darakta ɗaya ne ya yi su kuma hayaniyar da suka tayar kusan iri ɗaya ce.

Wai wane fim ne wannan, yaushe ya fito?

Ya fito a watan Agustan 2001. Daraktan sunansa Chatrichalerm Yukol, kuma shi kansa jinin sarauta ne, yarima ne a gidan sarautar Tailan, ba wai wani ɗan kasuwa ba ne da ya ga kuɗi ya shigo harkar fim. Labarin wata sarauniya ce ta daular Ayutthaya, tsohuwar daular da ke inda Tailan take a yau, mai suna Suriyothai, matar Sarki Maha Chakkraphat, wadda aka ce ta sa kayan yaƙi irin na maza ta hau giwa ta bi mijinta fagen fama lokacin da sarkin Bama Tabinshwehti ya kawo musu hari a 1548. Da giwar mijin ta tsorata ta juya da gudu, sai hakimin Prome na ɓangaren Bama ya biyo shi zai sare shi, ita kuma ta kora tata giwar ta shiga tsakani, saran ya sauka a kanta. Nan ta mutu. Mijin ya tsira.

To wannan ɗan labarin da na ba ku a numfashi ɗaya shi ne ƙarshen fim ɗin, sauran kusan awa uku duk hanyar zuwa wurin ne.

Bama kuma? Ta Borno?

A'a malam. Burma ake nufi, wadda yanzu ake kira Myanmar. Kakanninmu da Turawa suka kwasa zuwa yaƙin duniya na biyu su ne suka dawo suna cewa yaƙin Bama, ni kuma sunan ya fi min daɗi a baki, don haka da shi zan ci gaba.

Yaya 'yan Tailan suka karɓe shi?

Hannu bibbiyu. Ya zama fim ɗin gida da ya fi kowane kawo kuɗi a tarihin silimar ƙasar, kuma ya riƙe wannan kambu fiye da shekara goma sai a 2013 wani fim ɗin fatalwa na barkwanci mai suna Pee Mak ya zo ya ture shi, abin ma da ban dariya, sarauniya da giwayenta da dubban sojoji sai ga fatalwa ta kayar da su.

Amma fa sai ka gane yanayin da fim ɗin ya fito a ciki kafin ka gane dalilin cikar silima. A 1997 tattalin arzikin Tailan ya rushe, kuɗinsu baht ya faɗi warwas, kamfanoni suka rufe, mutane suka rasa aiki, ƙasa ta koma roƙon bashi wurin IMF. Mutumin da aka yi wa irin wannan kunyar a idon duniya in ka nuna masa fim ɗin da ke ce masa kakanninka jarumai ne, sun tsaya sun kare ƙasa da jininsu, ai ba kallo kawai zai je yi ba, magani zai je sha. Shekara guda kafin fitowar Suriyothai ma, a 2000, an yi wani fim Bang Rajan kan wasu ƙauyawa da suka tsaya wa rundunar Bama kafin faɗuwar Ayutthaya a 1767, shi ma ya samu karɓuwa sosai. Wato dama ƙasa ta jiƙe, shuka kawai aka yi.

Sai abu na biyu, wanda a ganina ya ma fi na farkon nauyi: fada ce ta tsaya wa fim ɗin. Sarauniya Sirikit ce ta ba da goyon baya da kuɗi saboda tana ganin yaran zamani ba su san tarihin ƙasarsu ba. Wadda ta fito a matsayin Suriyothai ɗin, Piyapas Bhirombhakdi, ba 'yar fim ba ce, 'yar gidan sarauta ce ta kusa da sarauniyar. Sojojin ƙasa da na ruwa na gaske aka ɗebo dubbai suka cika fagen yaƙin. Shi ne fim mafi tsada da aka taɓa yi a ƙasar zuwa lokacin. To ka ga wannan ya wuce a ce fim ne na nishaɗi, zuwa kallonsa ya zama kamar wani aikin kishin ƙasa.

To kenan kowa a can yana son sa?

Nan ne fa gizo yake saƙa. Cikar silima daban, so daban. A Tailan akwai sashe na 112 na dokar laifuka, wanda ya ce duk wanda ya ɓata sunan sarki ko sarauniya ko yarima mai jiran gado zai sha ɗaurin shekara 3 zuwa 15, kuma kowa na iya kai ƙararka, ba sai fada ta kai ba. A ƙasar da ake tashi tsaye a silima kafin a fara kowane fim don a saurari taken sarki, kana ganin ɗan jarida zai zauna ya rubuta cewa fim ɗin da sarauniya ta ɗauki nauyi ya yi tsawo kuma jarumar ba ta iya wasa ba? Zai dai yabi kayan sawa da giwaye da fadar da aka gina, sauran ya haɗiye.

Ni abin da nake cewa kullum shi ne in ka ga yabo ya yi yawa a wurin da suka ke da tsada, to ka rage masa awo. Ba wai ƙarya suke yi ba, da yawa sun ji abin har zuci, musamman manya. Amma ba za ka iya auna ra'ayin jama'a da ma'aunin da aka danne gefe ɗaya ba.

Turawa fa, me suka ce?

Su wani fim ɗin daban suka gani ma. Francis Ford Coppola, wanda ya yi karatun fim tare da daraktan a jami'ar UCLA ta Amurka, shi ya karɓa ya sake yanka shi. Na Tailan minti 185 ne, nasa ya dawo da shi 142, ya ƙara taswira da bayanai a rubuce don baƙo ya san inda aka dosa, aka sake shi a Amurka a 2003.

Duk da haka kukan da aka fi ji daga masu kallo na waje guda biyu ne. Na farko sunaye. Sarki ya mutu, wani ya hau, an kashe shi, wani ya hau, kuma mutum ɗaya sunansa yana canzawa in ya samu sarauta, mijin jarumar ma da farko Yarima Thianracha ne sai daga baya ya koma Maha Chakkraphat. Na biyu kuma ita jarumar kanta, wai ta cika tsarki, ba ta kuskure, ba ta fushi, ba ka ganin abin da ke cikin ranta, kamar hoto a bango. Abin da kowa ya yarda da shi kuwa shi ne kyan gani: zinariya, jiragen ruwan sarki, giwaye na gaske ba na kwamfuta ba.

Ni ma da na kalla da abokaina uku, ɗaya ya yi barci tun kafin sarki na biyu ya mutu, ya farka ya tarar da wani a kan gado ya ce wai wannan ɗin kuma daga ina, muka ce masa koma barcinka kawai.

Me ya sa mutane suka fi maganar muguwar matar nan fiye da jarumar?

Saboda ita ce gishirin miyar. Sunanta Si Sudachan, sa-ɗakar Sarki Chairacha ce, mawaƙiya Mai Charoenpura ce ta fito a matsayinta. Ta ƙulla soyayya da wani ma'aikacin fada, sarki ya mutu ana zargin guba ta ba shi, ɗanta ƙarami ya hau gado ita ke juya komai, daga baya shi ma yaron aka kawar da shi, ta ɗora saurayin nata ya zama Sarki Worawongsa. Mulkin nasa bai wuce mako shida ba manyan fada suka yi musu kwanton ɓauna a hanyar ruwa suka kashe su, sannan suka je suka ɗauko mijin Suriyothai daga gidan ibada inda ya gudu ya zama limamin Buda don ya tsira da ransa, suka naɗa shi.

Ka ga wannan ai shi ne labari. Akwai kwaɗayi, akwai tsoro, akwai makirci, mace ce mai so da ƙi. Duk wanda ya saba kallon fim ya san bos in ya fi jarumi armashi to shi za a fita ana zance. Kuma wani abin mamaki, wannan ɓangaren da ya fi kama da ƙirƙira yana da madogara a rubuce, har wani matafiyi ɗan Fotugal Fernão Mendes Pinto ya kawo labarin gubar a littafin tafiye-tafiyensa, ko da yake shi ma mutum ne da aka sani da ƙara wa miya gishiri.

Labarin gaskiya ne ko tatsuniya?

Rabi da rabi, kuma rabin gaskiyar ƙarami ne. Yaƙin 1548 ya faru, wannan babu musu. Tsofaffin kundayen tarihin Ayutthaya sun ambaci mutuwar matar sarki a wuyan giwa, amma a layuka kaɗan, har akwai ruwayar da ta ce da 'yarta suka mutu tare. Ƙuruciyarta, wanda ta so kafin aure, hirarrakinta da mijinta, shawarwarin siyasa da take bayarwa, duk wannan cikon marubuta ne. Matsalar tana da tushe: da Bama suka ci Ayutthaya a 1767 sun ƙone birnin, takardu da yawa suka salwanta, abin da aka sake rubutawa daga baya an rubuta shi ne a sabuwar fada da ke da buƙatar jarumai.

Sannan a farkon ƙarni na 20 Yarima Damrong, wanda ake kira uban tarihin Tailan, ya rubuta littafi kan yaƙe-yaƙensu da Bama, daga nan ne wannan hoto na Bama abokan gaba na har abada ya shiga littattafan makaranta ya zauna daram. Masana da yawa yanzu suna cewa yaƙin wancan zamani tsakanin sarakuna ne da garuruwa, ba tsakanin ƙasa da ƙasa ba, don babu wata Tailan a lokacin, sunan ma sai 1939 aka sa shi a madadin Siam. Hakimin wani gari yau yana tare da Ayutthaya gobe ya koma wa Bama in ya ga nan ne riba take.

Wanda ya tuna cacar bakin da aka yi a nan gida kan fim ɗin Sarauniya Amina ta Zazzau, wannan ya ce kayan ba namu ba ne, wancan ya ce ba haka tarihin yake ba, to zai gane irin gardamar. Bambancin kawai mu mun faɗi son ranmu ba wanda ya kwana a caji ofis.

Mutanen Bama ba su ji haushi ba?

Ka sa kanka a matsayinsu mana. Sarakunan da suke alfahari da su, Tabinshwehti da Bayinnaung, waɗanda suka kafa daula mafi girma a yankin a zamaninsu, sai ka gan su a fim ɗin maƙwabta a matsayin maharan da suka zo ɓarna. Kuma lokacin bai yi daɗi ba sam, don a watan Fabrairun 2001, 'yan watanni kafin fitowar fim ɗin, sojojin ƙasashen biyu sun yi musayar wuta a kan iyaka wajen Mae Sai da Tachileik. Ga kuma 'yan Myanmar masu ɗimbin yawa da ke aikin ƙarfi a Tailan, a gine-gine da jiragen kamun kifi da gidajen mutane, su ne ke zaune da mutanen da aka koya wa tun firamare cewa kakanninku ne suka ƙona mana birni.

Giwayen nan da gaske haka ake yaƙi da su?

Eh, kuma wannan ne wurin da ko mai barci yake farkawa. Mutum uku ne a kan giwar yaƙi. Sarki ko babban jarumi yana zaune a wuya riƙe da wani makami mai doguwar ƙota da kaifi a kai kamar lauje, na tsakiya yana kan kujera yana miƙa masa makamai yana kuma ba runduna alama, na baya yana kula da tafiyar giwar. A ƙasa kuma akwai dakaru masu gadin ƙafafunta huɗu, don in aka sare mata jijiya shikenan. Dabarar ita ce giwarka ta samu ta cusa haurenta ƙarƙashin ta abokin gaba ta ɗaga ta ta karkatar da ita, sai gefensa ya buɗe maka ka kai sara.

Masu tambaya wai me Turawa da bindiga suke yi a fim ɗin ƙarni na 16, ba kuskure ba ne. 'Yan Fotugal sun iso Ayutthaya tun 1511 bayan sun kama birnin Malaka da ke Malesiya ta yanzu, kuma sun yi sojan haya a ɓangarorin biyu, duk wanda ya biya shi ne ubangida, su suka kawo bindigogi da igwa irin na Turai.

Me ya sa kowa ke rarrafe a gaban sarki? Abin ya dame ni.

Ba kai kaɗai ba, kusan duk wanda na sani da ya kalla sai da ya yi wannan maganar. Mu ma muna faɗuwa gaisuwa a fada, amma nasu ya zarce, don a tsarin Ayutthaya ana ɗaukar sarki kamar wani abin bauta ne a doron ƙasa, tunanin da suka gada daga daular Khmer, wato tsohuwar daular Kambodiya. Ba a tsayawa sama da shi, akwai ma kalmomi na musamman da ake amfani da su in ana maganar cinsa ko barcinsa ko jikinsa. Hatta kisan ɗan sarauta ba a yarda jininsa ya zuba a ƙasa ba, a buhu ake sa shi a doke shi da kulkin itacen sandal. Sarki Chulalongkorn ya soke wannan rarrafen a 1873, amma al'adar ta sake dawowa a ƙarni na 20, har yau za ka ga firaminista a ƙasa a gaban sarki.

Akwai Musulmi a labarin?

Ba su ne a tsakiyar labarin ba. Amma Ayutthaya birnin kasuwanci ne da Malayawa da Farisawa da Indiyawa Musulmi suka zauna a ciki, kuma a farkon ƙarni na 17 wani ɗan kasuwa Bafarishe Sheikh Ahmad ya samu babban muƙami a fadar, zuriyarsa ta daɗe tana riƙe da manyan kujeru a ƙasar.

Shi kuma Naresuan ɗin fa, ci gaban wannan ne?

Kusan haka. Naresuan jikan Suriyothai ne ta wajen uwa. Bayan Bayinnaung ya fi ƙarfin Ayutthaya, an tafi da Naresuan Pegu, babban birnin Bama a lokacin, yana yaro a matsayin garkuwa, can ya girma ya koyi yaƙinsu, ya dawo ya yi shelar ɓallewa a 1584, sannan a 1593 aka ce ya kashe yariman Bama Mingyi Swa a karon giwa da giwa. Akwai ma labarin zakaransa da ya cinye na yariman a faɗan zakaru tun suna yara, shi ya sa wuraren tunawa da shi suke cike da gumakan zakaru da mutane ke kaiwa.

Fim ɗin kashi shida ne, daga 2007 zuwa 2015, kuma jarumin, Wanchana Sawasdee, hafsan soja ne na gaske. Kashi na ɗaya da na biyu sun ja jama'a sosai, amma kafin a kai ƙarshe mutane sun fara gajiya, shekara bakwai ana jiran karon giwa ɗaya ai ko mai haƙuri ya ƙosa. Sai kuma siyasa ta shigo ƙiri-ƙiri: sojoji suka yi juyin mulki ranar 22 ga Mayun 2014, a watan Yuni aka shirya kallon kashi na biyar kyauta a silimomi cikin shirinsu na wai mayar wa jama'a farin ciki. Mutane sun yi layi sun cika wuraren, kyauta ce ai, amma masu adawa da juyin mulkin suka ce farfaganda ce tsagwaronta. Abin da ya ƙara wa zancen yaji shi ne wanda ya fito a matsayin ƙanin Naresuan a fim ɗin, Winthai Suvaree, shi ne kakakin sojojin da suka ƙwace mulkin. Jiya ka gan shi a kan giwa, yau ka gan shi a talabijin yana karanta sanarwa.

Da gaske an taɓa kai wani kotu saboda wannan karon giwar?

Da gaske. Sulak Sivaraksa, wani dattijon masani mai shekara fiye da 80, ya yi jawabi a jami'ar Thammasat a watan Oktoban 2014 inda ya nuna shakku ko karon ya faru yadda ake koyarwa, don ruwayar Bama ta ce harbin bindiga ne ya kashe yariman nasu. Wasu tsofaffin hafsoshin soja suka kai ƙararsa da laifin cin mutuncin sarauta, kan sarkin da ya mutu tun 1605 fa. Sai a watan Janairun 2018 aka janye tuhumar.

Shi ne fim ɗin da aka hana nunawa a Tailan?

A'a, kun haɗa biyu. Wanda aka hana shi ne Anna and the King na 1999, na Amurkawa, kan Sarki Mongkut da wata malama Baturiya, hukumomin Tailan suka ce an raina sarkinsu, ko ɗaukarsa ma ba su bari an yi a ƙasar ba sai a Malesiya aka yi.

Matasan yanzu suna kallonsa da irin idon iyayensu?

Alamu sun nuna abin ya sauya. Tun zanga-zangar 2020 da ɗalibai suka fito suna neman a yi wa tsarin sarauta gyara a fili, abin da a da ko a ɗaki ba a faɗa da ƙarfi, an riƙa ganin mutane da yawa suna zama abinsu a silima lokacin taken sarki. Wanda ya ƙi tashi wa take, da wuya ya zauna awa uku yana share hawaye kan sarauniyar ƙarni na 16.

Zan iya kalla da yara? Kuma wanne zan nema, dogon ko gajeren?

Kar ka kalla da yara. Akwai fille kai a fili, akwai guba da aman jini, sannan shigar matan fadar ta wancan zamani ba irin wadda za ka so a gani a falo da surukarka a zaune ba ce.

Game da tsawo kuma, in karon farko ne ka nemi na Coppola mai minti 142, taswirar nan tana taimakawa ba kaɗan ba. Ka samu takarda ka rubuta sunaye huɗu kawai, Suriyothai, Thianracha, Chairacha, Si Sudachan, sauran ka bar su su zo su wuce, yawancinsu ma ba sa daɗewa a raye.